Rinin Tsaya-Haka

Nas ta kama bakin filastar ta fara ɓamɓarowa a hankali, tana cewa, "Kada ka buɗe da ƙarfi, Baba. Sannu-sannu."

Wanda take faɗa wa kuwa bai san sannu-sannu ba. Mutumin da ya kwashe shekaru arba'in da ɗoriya yana ce wa jama'a su tsaya cak a gaban kyamara, har aka manta sunansa na yanka ake kiran sa Tsaya-Haka, shi kansa bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Tun da aka zaunar da shi ƙafarsa ke rawa a ƙasa, hannunsa na dafe da wata babbar ambulan da ya ɗora a cinya. Auta, 'yarsa, ta yi ta fama da shi tun a gida ya bar ambulan ɗin, ya ce in dai za a bar ta, sai dai a bar su tare.

Audugar ta rabu da idon dama. Hawaye ya zubo, haske ya soke shi, ya runtse, ya sake buɗewa.

Bango ya fara gani. Jiya da aka shigo da shi za a cire masa yanar idon, bangon nan ruwan madara ne mai duhu-duhu, irin na tsohon gini. Yau fari ne fat, har yana ɗaukar ido.

"Fenti kuka yi bayan tafiyata?"

Nas ta yi dariya. "Duk wanda muka buɗe wa ido sai ya tambaye mu fenti."

Ya waiwaya wajen Auta. Mayafin da zai iya rantsuwa kore ne, ashe shuɗi ne. Ga kuma wata 'yar gajiya kwance a ƙarƙashin idanunta, wadda bai san ranar da ta sauka ba. Ya so ya yi mata magana a kan haka, amma hannunsa ya riga bakinsa, ya zura cikin ambulan.

Samfurin littafinsa ne a ciki, shafukan gwaji da maɗaba'a ta buga masa ya duba kafin a buga na gaske. Hotuna ne baƙi da fari na mutanen da suka ratsa shagonsa da layinsa tsawon rayuwarsa: teloli, 'yan dako, masu aski, mai gyaran agogo, matar da ke sharar tasha. Da wayoyin hannu suka cinye sana'ar ya rufe shagon, ya sayar da kyamarorinsa da injin wanke hoto ya sayi takarda mai kyau, ya ce shi da kansa zai fitar da littafin, ba ya jiran wani kamfani ya ga dama. Bugu ɗaya ne, babu na biyu, don ba shi da sauran abin sayarwa.

Kuma ba baƙi da fari zalla yake so ba. A zamanin ɗakin duhu, in ya wanke hoto yakan tsoma shi a wani ruwan magani har baƙin ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa mai ɗumi. Wannan shi yake kira rini, kuma da shi aka san shi. Yanzu da kwamfuta ake yi. Fiye da shekara guda, duk ranar da Auta ba ta da aiki a kantin maganin da take yi wa hidima, sai ta zauna gaban kwamfuta, shi ya ja kujera kusa da ita, yana nuni da ɗan yatsa: ƙara nan, rage can. Shafi bayan shafi suka bi, daga farko har ƙarshe, kuma ya sa hannu a kan samfurin tun makon jiya.

Ya zaro shafin da ke sama. Mai gyaran agogo ne, ya duƙa a kan tebur da gilashinsa a ido.

Shuɗi ne. Ba shuɗi mai ihu ba, shuɗi-shuɗin nan da ke fitowa a leɓen wanda sanyi ya kama. Ya zaro na ƙasa, gara ma na farko. Ya tsallake zuwa na ƙarshe, hoton marigayiya matarsa tana tsaye bakin taga da tsintsiya a hannu, tana hararar sa don ya ce ta tsaya haka. Ya ɗauki hoton nan tana da ƙuruciya da lafiya, amma a takardar nan ta fito kamar wadda aka ɗauka bayan rai ya yi halinsa. 

Ya sa tafin hannu ya rufe sabon idon. Nan take hoton ya yi ɗumi, fatar ta dawo, ga rininsa daidai yadda ya bar shi. Ya ɗauke hannun, sanyin ya dawo. Ya rufe, ya buɗe, ya rufe, har nas ta riƙe masa hannu.

"Baba, ba a taɓa wajen."

Likita ya shigo, saurayi ne mai saurin magana, ya haska fitila a idon ya ce aiki ya yi kyau. Tsaya-Haka ya miƙa masa shafin. "Wane launi ne wannan?"

Likitan ya duba. "Toka-toka ne, ya ɗan ja shuɗi. Yana da kyau."

"Ba kyau na tambaye ka ba."

Da ya ji bayanin, likitan ya gyaɗa kai. Ya ce ai yanar ido tamkar gilashi ce mai rawaya a cikin ido, tana ƙara kauri a hankali, mai ita bai san ana yi ba. Duk abin da ya kalla sai ya ga ya yi ja-ja. "To kai kuma kana ta rage ja don ya yi maka daidai, ka ga kuwa dole ya wuce zuwa shuɗi. Amma bari in gaya maka, Baba, shi ma sabon idon kada ka ba shi amana yanzu. Ya daɗe bai ga shuɗi ba, zai yi ta zuzuta shi har 'yan makonni kafin ya daidaita. Ka je gida ka kwanta. Ban da duƙawa, ban da hayaƙi, ban da zama gaban kwamfuta."

Tsaya-Haka bai ji rabin ƙarshen ba. Yau ne ranar bugu. Dogo, mai maɗaba'ar, ya ce da zarar ma'aikata sun ci abincin rana zai ɗora littafin a inji, kuma daga shi sai littattafan makaranta da za su riƙe injin har illa masha Allahu. Ya kira lambar Dogo tun yana kan kujerar asibiti. Ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Ya sake kira a baranda, ya sake a bakin ƙofa, Auta na biye da shi da ledar magani da baƙin tabarau.

"Gida likita ya ce, Baba."

"Gidan ba ya gudu."

"Ni kuma ina da aiki da rana."

"Ki kira su ki ce ubanki ya haukace. Ba ƙarya kika yi ba."

Suka samu bas da ƙyar, shi a bakin taga, ita a gefensa. Ta cusa masa tabarau, ya sa, ya cire, ya sake sawa. Duniya ta yi masa yawa. Allunan shaguna, rigunan mutane, robobin da aka jera a bakin titi, kowanne yana kiran idonsa da launin da ya manta akwai shi. A wata rana da ya yi murna. Yau kuwa duk shuɗin da ya gani sai ya tuna masa da abin da ke cikin ambulan.

Sai da suka yi nisa ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun muna tsakiyar littafin."

"Shi ne kika yi shiru."

"Na faɗa maka."

Ta faɗa kuwa, ya tuna. Ranar suna kan hoton masu aski, ta ce, Baba, anya bai yi sanyi da yawa ba? Shi kuma ya tashi mata haiƙan. Ya ce tun ba a haife ta ba yake rina hoto, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, in ta gaji ta faɗa ya nemi wani. Daga ranar ta ja bakinta ta tsuke, ya ce rage ta rage.

"Sau ɗaya ake faɗin magana?" in ji shi.

"Sau ɗaya a wajenka ai ya ishi mutum guzurin shekara."

Wata mata a kujerar gaba ta yi tari don ta ɓoye dariya. Tsaya-Haka ya ji haushi, ya kuma ji kunya, ya rasa wanne zai fara da shi, sai ya sauke su duka a kan kwandasta, ya tambaye shi ko direban nan da jaki ya koyi tuƙi.

Kamar ya yi baki, suna hawa babban titi suka tarar da cunkoso. Wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya, an buɗe mata baki mutane na leƙawa. Ya duba agogo, ya kira Dogo, ya duba agogo. Ya ga injin nan a ransa yana lashe takardar da ya sayar da kyamarorinsa ya saya, yana tofo matarsa shuɗiya sau ɗaruruwa. Kafin Auta ta ankara ya tsallake ƙafafun mutane ya dire.

Ta cim masa a bakin layin masu sayar da kayan gini, tana haki. Ta shiga ta gefen damansa don kada wani ya buge idon da gwiwar hannu. Haka suka ratsa kasuwa, tsoho a gaba da ambulan a ƙirji, yana tafiya kamar mai bin ɓarawo, yana tuntuɓe da abubuwan da idanunsa biyu suka kasa shirya masa nisansu. Sau biyu ta riƙo shi, sau biyu ya fizge. A na uku ya bar mata hannun.

Maɗaba'ar tana bayan wani dogon gini, ƙofarta ta ƙarfe a buɗe rabi. Tun daga waje ake jin ƙugin inji da warin tawada. Tsaya-Haka ya kutsa ciki yana ɗaga ambulan, ya nufi inda takardu ke fitowa, ya fizgi ɗaya. Takardar kalanda ce ta wani kamfanin siminti. Ba nasa ba ne. Ya dafa tarin takardu yana mayar da numfashi.

Dogo ya fito daga ofis yana goge hannu da tsumma. Gajere ne ƙwarai, abokansa ne suka laƙaba masa sunan tun yana yaro don mugunta, ya bi shi har girma. "A'a, Baba, kai da aka ce kana asibiti? Yaya jikin?"

"Ina wayarka?"

"Tana caji. A cikin ƙarar nan ko ana kiran sallah a aljihuna ba zan ji ba. Lafiya?"

"Ka ɗora nawa?"

"Yanzu nake shirin aika shi a ƙona faranti." Farantin shi ne ƙarfen da ake ɗora wa inji ya ɗauki hoton, in an ƙona shi kuwa magana ta ƙare.

"Kada ka aika."

Suka shiga ɗakin da ake duba aiki, mai dogon tebur da fitilu farare a sama. Auta ta zazzage ambulan ta jera shafukan bi da bi, daga na farko zuwa na ƙarshe, har suka cika teburin. Tsaya-Haka bai taɓa ganin su a jere haka ba, kullum ɗaya bayan ɗaya yake kallo. Ya tsaya a bakin teburin ya cire tabarau. Shafukan farko suna da sauran ɗumi. Daga nan sai launin ya fara janyewa, kaɗan-kaɗan, shafi bayan shafi, har ya ƙare a wancan gefen cikin shuɗi. Shekara guda ta lalacewar idonsa ce shimfiɗe a kan tebur, kowa na iya karantawa. Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata.

"Kai ma ka gani?" ya tambayi Dogo.

"Na gani mana. Na ɗauka salo ne. Ku masu hoto kowa da irin tasa, wani ya zo ya ce in buga masa hoto a karkace. Na ce wataƙila Baba yana nufin rayuwa ce take yin sanyi." Ya sosa ƙeya. "Ni abin da aka sa wa hannu shi nake bugawa."

"Rayuwa take yin sanyi," in ji Tsaya-Haka. "Allah Ya shirye ka, Dogo."

Dogo ya ce zai iya jira har a gama kalandar, a wanke inji, yara su ci abinci. Bayan haka in babu faranti, zai ɗora littattafan makaranta, kuma ba ya saukewa. Takardar Baba an riga an yanka ta, in ta daɗe a ajiye a wannan ɗakin za ta sha danshi ta lanƙwashe, kada a zo a ce shi ne.

Auta ta ce akwai hanya ɗaya. Ba za a iya bin hotunan ɗaya-ɗaya ba, lokaci ba zai isa ba. Sai dai ta wanke launin duka su koma baƙi da fari zalla, sannan a zaɓi rini ɗaya a zuba musu gaba ɗaya.

"Rini ɗaya? Kamar 'yan makaranta da yunifom?"

"Ko haka, ko shuɗi, Baba."

Ya zagaya teburin, ya dawo, ya sake zagayawa. Kowane hoto a nan ya zauna da shi kamar baƙo, ya ba shi nasa launin. Amma wane launin? Wanda babu mai ganin sa sai shi. Ya ce ta yi.

Dogo ya ba ta kwamfutar ofis. Ta kira wajen aikinta ta ba da haƙuri, ta zauna, ta nannaɗe hannun riga. Tsaya-Haka ya jawo kujera kusa da ita kamar yadda ya saba. Ta dube shi, ta dubi idon, ta ga ba ta da ƙarfin wannan rigimar, ta ƙyale shi. Ta buɗe hoton mai gyaran agogo don a gwada a kansa, ta wanke shi fes, ta fara zuba ruwan ƙasa kaɗan-kaɗan.

Ya rufe idon hagu da hannu. Tsohon ido ya ci amanarsa, yanzu da sabo zai yi aiki.

"Ƙara."

Ta ƙara.

"Har yanzu da sanyi. Ƙara."

Ta ƙara kaɗan.

"Ke, hannunki ciwo yake? Ƙara sosai."

Ta ƙara, ya ce ƙara, ta ƙara. Dogo da ke tsaye a bayansu ya yi gyaran murya ya fita duba inji, alhali babu abin da ya samu injin. Can Auta ta ɗauke hannuwanta daga kan kwamfutar ta ɗora su a cinya.

"Me ya faru?"

"Ya yi ja, Baba. Kamar an ƙona shi a wuta."

"Ni da nake kallo—"

"Da wane idon?"



"Likita ya faɗa a gabana," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ya ce shi ma wannan kada ka yarda da shi tukuna. Wancan karon na yi shiru don kada ranka ya ɓaci, ga inda shirun ya kawo mu. Yau ba zan yi ba. In ka ce in ƙara, sai dai ka zauna ka ƙara da hannunka, ni in tafi aikina."

Ƙarar inji ta tsaya a waje. An gama kalanda. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar damun sa, don yana jin ƙarar bokiti, an fara wanke inji ke nan.

Ya sauke hannun daga idon hagu ya kalli hoton da idanu biyu. Ɗaya na cewa ya ƙone, ɗaya na cewa da saura, kansa ya fara sarawa a tsakaninsu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, shi kuwa ga idanu har biyu, babu wanda zai auna masa komai. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko jiya da aka kwantar da shi a ƙarƙashin fitilar likita. Duk abin da ya mallaka a duniya shi ne ya kalli abu ya ce haka ne, kowa ya yarda.

"To ke kin san abin da nake nema?" ya ce. Bai yi niyyar muryar ta fito a raunane haka ba.

"Faɗa min."

Ya shiga laluben kalmomi. Bai taɓa faɗin sa da baki ba, da yatsa yake nunawa. "Kada su yi kama da gawa. Kada kuma su yi kama da tsohuwar takardar da aka tsinta a akwati. Mutanen nan da ransu na ɗauke su, suna zufa, suna sauri, wani ma yana zagina. Ina so wanda ya buɗe ya ji kamar in ya taɓa fuskar zai ji ɗumi. Shi ke nan."

"Na sani," in ji Auta. "Ni nake shanya maka su a igiya ina ƙarama. Har yau in na rufe ido ina ganin launin. Ka fita, Baba."

"In fita?"

"In kana nan ba za ka iya yin shiru ba."

Gaskiya ce, shi ya sa ta yi ɗaci. Ya tashi, ya kai bakin ƙofa, ya juyo zai ce ta kula da inuwar da ke wuyan mai shara, ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwayo ba. Ya fita.

Akwai benci a barandar, kusa da kwandon da ake zuba takardun da suka lalace. Ya zauna, ya tashi, ya je bakin ƙofar ƙarfe ya leƙa titi, ya dawo. Ma'aikata suka wuce shi da kwanonin abinci suna gaishe shi, ɗaya ya yi masa tayi, ya ce alhamdu lillahi. Ya ɗiga maganin ido da kansa, rabi ya bi kumatu. Ya je ya tsaya jikin ƙofar ofis yana kasa kunne, babu abin da yake ji sai ƙas-ƙas ɗin yatsunta. Sau ɗaya ya kama mariƙin ƙofar, ya tuna hannun da ta ɗaga masa, ya saki. Mutum ya ba da 'yarsa aure ma ya fi wannan sauƙi, a ganinsa, don ita 'yar tana iya dawowa ta faɗi yadda ake ciki.

Ma'aikata suka dawo suna wanke hannu. Dogo ya wuce shi, ya shiga ofis, ya fito da tsofaffin shafukan samfurin a dunƙule ya watsa su cikin kwandon. Ƙaramin injin gwaji ya yi ƙara a ciki. Sai ga Auta ta fito riƙe da shafi ɗaya da hannu biyu, Dogo na biye da ita da biro.

Hoton mahaifiyarta ta zaɓa. Ta miƙa masa, ta koma gefe ta harɗe hannuwa, tana cizon leɓe kamar ranar da ta kawo masa sakamakon jarrabawa.

Ya cire tabarau. Ya rufe dama: hoton ya yi duhu, ja-ja, kamar an jiƙa shi da shayi. Ya rufe hagu: ya yi fari-fari, ɗumin bai kai ba. Ya san duka biyun ƙarya suke yi masa, gaskiyar tana wani wuri a tsakani, inda ba zai iya zuwa ba yau.

"Ya yi, Baba?"

"Ban sani ba," in ji shi. Ya dube ta. "Ke ya yi miki?"

Ta kalli hoton ta daɗe. Idonta ya kawo ruwa, ta share da bakin mayafi. "Haka take," ta ce.

Ya karɓi biron ya sa hannu a gefen shafin. Dogo bai tsaya jiran a sake shawara ba, ya fizge takardar ya yi gaba yana kiran mai faranti.

Auta ta zauna a bencin, ta jingina kai da bango, ta lumshe ido. Shi kuwa ya jawo kwandon da ƙafa, ya zaro tsohon shafin ƙarshe daga cikin tarkacen, ya shimfiɗa shi a cinya yana lallashin inda ya yamutse. Ya sa tafin hannu ya rufe sabon idon. Ga ta nan bakin taga da tsintsiyarta, da ɗuminta, da hararar nan, daidai yadda ya yi shekara yana gyara ta. Ya zaro na masu aski, ya zaro na mai gyaran agogo. Littafin da ya yi yana nan lafiya lau, ba wanda ya taɓa shi. Ƙafarsa ta daina rawa.

"Af, na manta," in ji Auta, idonta a rufe. "Nas ta ce in mun koma a duba ka, sai a tsayar da ranar da za a yi ɗaya idon."

Bai ɗago ba. Ya juya shafi na gaba.

"Ki ce musu ba sauri nake yi ba."